Me mai juna biyu za ta yi don kada jaririnta ya yi ekzima?

"Assalamu alaikum Likita. Ina da ciki wata biyar, na biyu ke nan. Ɗana na fari tun yana wata uku kumatunsa suka fara bushewa suna ƙaiƙayi, daga baya abin ya sauka gwiwar hannu da bayan gwiwa. A asibiti aka ce ekzima ce. Yanzu shekararsa uku, har yau in hunturu ya shigo ba ma samun barci. Maigidana yana da asma. Hajiyarsa ta ce gyaɗa da ƙwai da kifin da na riƙa ci da cikinsa ne suka sa masa zafin jini, ta ce wannan karon in bar su har sai na yaye. Wata kuma ta tallata mini wasu ƙwayoyi a WhatsApp, wai in na sha ɗan ba zai yi ba. Don Allah me zan yi tun yanzu don kada wannan ma ya sha wahalar da yayansa yake sha?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya ba yayan sauƙi.

In na fahimce ki, so kike ki san ko akwai abin da za ki ci, ko ki bari, ko ki sha a watanni huɗun da suka rage wanda zai kare abin da ke cikinki. Zan ba ki amsar tun farko kafin in yi dogon bayani. Babu wani abu da aka tabbatar yana hana ekzima ɗungurungum. Akwai abubuwa biyu da aka gwada a jikin mata masu ciki aka ga suna iya rage ta kaɗan. Barin gyaɗa da ƙwai da kifi kuwa ba ya cikin biyun nan, hasali ma ke da ɗan za ku fi cutuwa da shi. Mafi yawan abin da ke hannunki sai bayan kin haihu zai zo.

Daga ina take tasowa

Ki ɗauki fatar mutum kamar katangar ƙasa. Ƙwayoyin fata su ne tubala, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne yaɓen da ya riƙe su. In yaɓen yana da kyau, danshin jiki ba ya fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta ba sa samun ƙofa. Yaro mai ekzima da yaɓe mai rauni aka haife shi. Ruwa na tsiyayewa daga fatarsa sai ta bushe ta tsattsage, abubuwan waje su shiga ta tsagar, garkuwar jiki ta taso musu da faɗa fiye da kima, sai ƙaiƙayi. Ya sosa, tsagar ta ƙaru, ƙaiƙayin ya ƙaru. Shi ya sa kike ganin abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da iska ke tsotse danshin komai.

Wannan raunin galibi gado ne. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotilan suka gano cewa tawaya a wani sinadarin fata mai suna filagirin tana daga cikin manyan dalilan ekzima a tsakanin Turawa, inda kusan mutum ɗaya cikin goma ke ɗauke da tawayar. Da aka duba masu ekzima a Habasha da kuma ƙabilar Kosa a Afirka ta Kudu, da wuya aka samu irin wannan tawayar. Ma'ana a jikin baƙar fata akwai wasu hanyoyin da yaɓen ke raunana. Wannan ya sa nake taka-tsantsan wajen ɗauko sakamakon Turai in ɗora a kan yaranmu kai-tsaye, kuma ki riƙe wannan a ranki, domin kusan duk gwaje-gwajen da zan ambata a can aka yi su.

Ekzima da asma da yawan atishawa da toshewar hanci saboda ƙura 'yan gida ɗaya ne. In ɗaya daga cikin iyaye yana da ɗayansu, yiwuwar ɗa ya yi ekzima tana ninkuwa biyu zuwa uku. Ke ga uba mai asma, ga yaya mai ekzima, don haka ba zan ɓoye miki ba, ɗan nan yana cikin waɗanda ake sa wa ido. Amma sa ido daban, tabbas daban. A wani babban gwaji da aka yi a Ingila a kan jarirai 1,394, dukkansu daga gidaje masu irin wannan gadon, da aka duba su suna shekara biyu kusan ɗaya cikin huɗu ne aka samu da ekzima. Uku cikin huɗu lafiyarsu ƙalau.

Maganar gyaɗa da ƙwai da kifi

Hajiya ba ita kaɗai ta taɓa wannan tunanin ba. A shekarar 1998 gwamnatin Birtaniya da kanta ta shawarci mata masu ciki da masu shayarwa daga gidajen da ke da gadon asma da ekzima su guji gyaɗa. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara mai kama da haka. Shekaru suka wuce, yara masu rashin jituwa da gyaɗa ba su ragu ba. Amurkawa suka janye tasu shawarar a 2008, Birtaniya ta bi bayansu a 2009. A 2012 aka tattara gwaje-gwajen da aka yi na hana masu ciki madara da ƙwai da makamantansu, aka ga ba su rage ekzima a jikin 'ya'yan ba. Abin da aka gani shi ne uwayen da aka hana abincin ba su ƙara nauyin da ya kamata ba, har aka yi fargabar hakan na iya taɓa nauyin jariri.

To wannan a ƙasashen da mace za ta bar ƙwai ta maye shi da nama da cuku ke nan. A gidajenmu fa? Ki cire ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da miyar taushe, ki cire ƙwai, ki cire busasshen kifin da ake jefawa a miyar kuka, me ya rage a kwanon mace mai ciki in ba tuwo da shinkafa ba? Ƙididdigar lafiya ta ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna mata masu ciki 61 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Wannan shi ne abin da ke kwantar da mata a ɗakin haihuwa, shi ke sa a haifi jariri ɗan mitsitsi. Ban yarda mace ta sayi ƙarancin jini da kuɗinta don gudun ƙaiƙayin da barin abincin ma ba zai hana ba.

Abin da ke sa mutane su ɗora laifin a kan abinci yana da tushe, sai dai an juya shi ne. Yara masu ekzima sun fi sauran yara samun rashin jituwa da ƙwai da gyaɗa, wannan gaskiya ne. Amma abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne ekzimar ce ke zuwa farko. Ɓurɓushin abinci yana shiga ta fatar da ta tsage kafin yaro ya taɓa sa shi a baki, sai jiki ya ɗauke shi abokin gaba. Wanda ya fara shiga ta baki kuwa, hanji ne ke koya wa jiki ya saba da shi. A 2015 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Landan a kan jarirai 640 masu ekzima mai tsanani ko rashin jituwa da ƙwai. Waɗanda aka fara ba su gyaɗa tun kafin su cika shekara, rashin jituwa da gyaɗa ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 in aka gwada da waɗanda aka hana. Wannan gwajin ne ya juya shawarar likitoci a duniya.

Don haka ki ci abincinki. Abin da kawai za ki bari shi ne wanda ke kanki in kin ci yake sa miki borin jini ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Sai kuma gyaɗar da ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci, wannan kowa ma ya kamata ya zubar, domin tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Game da Hajiya, kada ki ja da ita. Ƙaunar jikanta ce ta sa ta magana. Ki sa maigidan ya gaya mata likita ya ce jininki na buƙatar abincin, ko ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji da kunnenta. Na sha ganin kakar da ta shigo da tsauri ta fita tana cewa ai ita da ma ta san ƙwai na ƙara jini.

Biyun da ke da ɗan tasiri

Na farko su ne ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, waɗanda ake sayarwa da sunan furobayotik. Labarinsu ya fara ƙarfi a 2001, lokacin da likitoci a garin Turku na ƙasar Finlan suka ba mata masu gado irin naki wani nau'i nasu a makonnin ƙarshe na ciki, aka ci gaba da bayarwa wata shida bayan haihuwa. Da yaran suka kai shekara biyu, 23 cikin 100 ne suka yi ekzima, alhali a ɓangaren da ba a ba su ba 46 cikin 100 ne. A Niyuzilan ma an samu sakamako mai kama da wannan a 2008 da wani nau'in na daban. A kan haka ne a 2015 ƙungiyar duniya ta likitocin cututtukan rashin jituwa ta ce ana iya ba mai ciki da ɗanta ke cikin haɗari, amma ita da kanta ta ce hujjar mai rauni ce ƙwarai.

Ga inda raunin yake. Waɗannan masu binciken na Niyuzilan sun sake gwajin, wannan karon uwa kaɗai aka ba, ba a ba jariri ba, sai ba a ga wani bambanci ba. Sannan nau'o'in suna da yawa, kuma amfanin ɗaya ba ya nufin amfanin ɗan'uwansa. Wasu gwaje-gwajen da aka yi da nau'in Finlan ɗin ma ba su maimaita nasarar ba. Ra'ayina shi ne, ga mace mai lafiya ba su da wata cutarwa da aka sani, in kina da hali kuma likitan da ke duba ki ya yarda, kina iya sha daga watan takwas zuwa lokacin shayarwa. In kuɗin zai taɓa na cefane, cefanen ya fi.

Ƙwayoyin WhatsApp kuwa, ban san me ke cikinsu ba sai an karanta jikin kwalbar, kuma duk wanda ya ce miki in kin sha ɗa ba zai yi ekzima ba, ya faɗi abin da babu wanda ya isa ya yi alkawarinsa. Ki nemi lambar NAFDAC, ki nemi cikakken sunan nau'in da ke ciki, ki tambayi inda aka ajiye su. Abu ne mai rai, in ya kwana a bayan mota ya wuni a shago cikin zafin watan Afrilu, mai yiwuwa gawa kike saya. In an ce haɗin gargajiya ne ko na tsarkake jini, kada ya shiga bakinki da cikin nan.

Mata kan tambaye ni ko kindirmo zai wadatar. Kindirmo abinci ne mai kyau ga mai ciki, kuma akwai ire-iren waɗannan ƙwayoyin a cikinsa, sai dai ba su ne nau'in da aka gwada ba. Ki sha don amfaninsa, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauke da cututtukan da ke zubar da ciki, kuma ruwan da ake sirka shi da shi ma abin dubawa ne.

Na biyu shi ne bitamin D. A birnin Southampton na Ingila an raba mata kusan 700 gida biyu, aka riƙa ba rabi IU 1,000 kullum, kamar yadda ake rubuta ma'aunin a jikin kwalba, daga mako na 14 har haihuwa. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna a shekara ɗaya kusan 7 cikin 100 na 'ya'yansu ne ke da ekzima, na ɗaya ɓangaren kuwa 12 cikin 100. Amfanin ya fi bayyana ga yaran da suka sha nono fiye da wata ɗaya. Amma da yaran suka kai shekara biyu da huɗu tazarar ta ragu har ba za a iya dogara da ita ba, kuma manyan gwaje-gwaje a Amurka da Denmak ba su ga raguwar ekzima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace mai ciki bitamin D ba, sai wadda ake zaton tana da ƙarancinsa.

Za ki ce mu da rana ta yi mana yawa ina mu ina ƙarancinsa. Ranar tana waje, tambayar ita ce ko tana taɓa fatarki. Fata mai duhu ta fi jinkirin haɗa bitamin D, kuma macen da ke wuni a ɗaki, in za ta fita ta rufe jikinta duka, tana iya rasa shi ko a tsakiyar Sakkwato take. Gidajen haya na yanzu da ba su da tsakar gida sun ƙara wannan matsalar. In kina da inda za ki zauna da hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe, ki mayar da shi al'ada. Ki duba ƙwayoyin da aka ba ki a wurin awo, wasu da ma akwai shi a ciki. In babu, ki tambayi likita. IU 400 zuwa 1,000 a rana ba ya cutar da mai ciki, amma kada ki sayi mai IU 50,000 ki riƙa sha da kanki.

Man kifi da ake sayarwa a ƙwaya ana yawan haɗa shi da waɗannan. A Denmak an gwada shi a kan mata 736 daga mako na 24, ya rage asma da shessheƙar ƙirji a jikin yaran da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma bai taɓa ekzima ba. Tunda akwai asma a gidan, cin kifi mai maiƙo irin sadin da taitus sau biyu a mako ba asara ba ne.

Hayaƙi, magunguna da damuwa

A nan hujjar ta lura ce kawai, wato an ga abu biyu suna tafiya tare, ba a tabbatar ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba. An ga 'ya'yan da ke tashi cikin hayaƙin sigari sun fi yin ekzima. Ko da ba don fata ba, hayaƙin sigari da shisha da na itace a rufaffen kicin suna rage nauyin jariri suna taɓa huhunsa, kuma ɗan mai asma ba ya buƙatar ƙari. In da hali a yi girkin itace a fili, a bar maganin sauro na ƙonawa a koma gidan sauro.

Haka aka ga alaƙa tsakanin yawan shan antibayotik da ciki da ekzimar yara. Darasin shi ne ki daina karɓar kafso a kemis don mura ko don an ce sanyi ne. Amma in an gwada fitsarinki aka ga ciwo aka rubuta miki magani, ki shanye shi duka, domin ciwon mafitsara da aka bari yana jawo naƙuda kafin lokaci. Wani abin mamaki ya fito daga Entebbe ta Yuganda, inda aka gwada maganin tsutsar ciki a kan mata masu ciki 2,507, sai aka ga 'ya'yan waɗanda suka sha albendazol sun fi yin ekzima suna jarirai. Wannan bai sa an soke maganin ba, domin inda tsutsa mai shan jini ta yi yawa ƙarancin jini ya fi ekzima haɗari. In ma'aikatan awo suka ba ki, ki gaya musu tarihin gidanku su auna. Abin da ban so shi ne shan sa haka kawai don an saba. Ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus, duk ki ci gaba da su. In kuma ranar haihuwa aka ce sai an yi aiki, kada tunanin ekzima ya shigo cikin shawarar ko kaɗan.

Damuwa ma an ga alaƙarta da ekzimar jarirai. Ba na son in ce wa mai ciki ta daina damuwa, domin ba a kashe ta kamar fitila. Abin da zai rage taki a zahiri shi ne a shawo kan ciwon yayan kafin hunturu, ku samu barci. Yaro ɗan shekara uku da ƙaiƙayi ke hana shi barci bai samu maganin da ya ishe shi ba, a mayar da shi asibiti a sake tsari.

Makonnin farko bayan haihuwa

Jariri yana fitowa da wani farin maiƙo a jikinsa, musamman a wuya da hammata da matsematsi. A gidaje da yawa abu na farko da ake yi shi ne a kawo ruwan zafi da soso da sabulun salo, kaka ta ɗora shi a ƙafafunta ta dirje shi sau biyu ko uku har fatar ta yi ƙyalli, wai don kada ya yi ƙarni in ya girma. Wannan maiƙon shi ne man shafawarsa na farko, yana riƙe danshi yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma da kansa yake nutsewa cikin fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, in al'ada ta matsa a jira ko da awa 6 ne. A goge jini da tsumma mai laushi ya isa. Ki yi wannan maganar da wadda za ta yi miki zaman jego tun yanzu, domin ranar da kika haihu ba ki da ƙarfin gardama.

Bayan nan, wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta zauna a ciki ba tare da kin janye ba, na 'yan mintuna, da hannu ba da soso ba. Zafin ruwan wankan jego naki ne, ba nasa ba. Sabulu kaɗan, marar ƙamshi, a wuraren da suka yi datti kawai. Kada a ɗiga ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bahon wankansa, kada a sa sabulun magani. A tsane shi da tawul, ba a goga ba. Humra da turare a jikin kayanki suke tsayawa, kada su taɓa fatarsa, kuma kada a turara kayansa. Auduga ce za ta fara taɓa jikinsa kafin suwaita, a ɗauraye omo sosai daga kayan, kuma kada a naɗe shi har ya yi gumi, domin gumi na tayar da ƙaiƙayi.

Sai maganar shafa mai, wadda ta ba likitoci kunya. A 2014 ƙananan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Japan ɗaya a Amurka da Ingila, suka nuna shafa wa jariri mai kullum tun daga haihuwa yana rage ekzima da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Kowa ya yi murna. Sai a 2020 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito, wancan na Ingila mai jarirai 1,394 da na ambata, da wani a Nowe da Suwidin mai jarirai 2,397, duka biyun ba su ga rigakafi ba. A na Ingila ma ƙurajen ƙwayoyin cuta sun ɗan fi yawa a jikin waɗanda ake shafa wa man. Don haka mai ba rigakafi ba ne da za a dogara da shi. Amma ba a Kano cikin watan Janairu aka yi gwajin ba. Ni abin da nake gaya wa uwaye shi ne, in fatar jariri ta bushe a shafa, da hannun da aka wanke, nan take bayan wanka. In ekzima ta riga ta fito kuwa, mai shi ne rabin magani, wannan babu saɓani a kansa.

Wane mai? Basilin fari marar ƙamshi ya fi komai sauƙi da aminci. Man kaɗanya tsantsa wanda ba a haɗa da turare ba, yawancin yaran da nake gani suna jituwa da shi. Man zaitun yana da daraja a wurinmu, amma wani gwaji a Sheffield a 2013 ya nuna shafa shi kullum yana raunana saman fata, don haka ba na son sa a jikin jariri mai wannan gadon. Man gyaɗa kuma a bar shi a tukunya. Tun 2003 aka ga alaƙa tsakanin shafa mayukan da ke da man gyaɗa a fatar jariri mai kumburi da samun rashin jituwa da gyaɗa daga baya. In kin ci ƙuli ko kin fasa ƙwai, ki wanke hannu kafin ki shafa masa mai.

Ki ba shi dakashi, kada a matse a zubar. Nono zalla wata shida, ba ruwa ba dauri. A Belarus an bi uwaye da jarirai fiye da 17,000, inda aka ƙarfafa shayarwa ekzima a shekarar farko ta kasance kusan 3 cikin 100, a sauran wuraren kusan 6. Wasu binciken ba su ga haka ba, amma dalilan shayarwa sun fi ƙarfin ekzima. Madarar gwangwani ta musamman da ake cewa tana hana rashin jituwa, da aka tattara gwaje-gwajenta a 2016 ba a samu hujja ba. Allurar BCG da ake yi wa jarirai a kafaɗa ranar haihuwa, a yi ta a kan lokaci. Don tarin fuka ake yin ta, amma a Denmak da Ostareliya an ga alamar tana ɗan rage ekzima ga yara masu gado. In ya kai wata shida a fara ba shi kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai tare da sauran abinci, kada a jinkirta. In a lokacin yana da ekzima mai tsanani, a fara ganin likita kafin gyaɗar.

In ta fito duk da haka

Littattafai suna cewa ja take yi. A fatar yaranmu sau da yawa ba za ki ga ja ba. Kumatu ne za su yi duhu ko toka-toka, in kin shafa ki ji kaushi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu kama da tsikar jiki. Jaririn da bai iya susa ba, goga fuskarsa yake yi a bayanki in kin goya shi, ko a zanin gado, har gashin gefen kansa ya kaɗe. Wurin famfas yawanci lafiya lau yake. In ta warke takan bar fari ko baƙin tabo na watanni, wannan ba kuturta ba ce kuma yana komawa.

Ba kowane ƙaiƙayi ne ekzima ba, kuma ta wasiƙa ba zan iya rarrabewa ba. In ƙurajen suna tafin hannu da tafin ƙafa kuma wasu a gidan suna susa da dare, ƙazuwa ce ta fi kusa. Ɓawon maiƙo a ka da gira wanda bai dami jariri ba wani abu ne daban mai wucewa. Ƙurajen zafi suna bin gumi. Ƙyasbi mai dabbare-dabbare na manya kuwa ƙwayar cuta dangin naman gwari ce ke kawo shi, maganinsa daban.

Abin da ya fi ɓata mini rai a ɗakin duba yara shi ne ledar mayuka. Uwa za ta juye ta a kan tebur, a ciki akwai man nan mai haɗin magani uku da ake saya a kemis, an watsa shi cikin man shafawar jariri ana shafe shi da shi tun daga goshi har ƙafa wata da watanni, don an ga yana sa fata ta yi sumul ta yi haske. Sitiroyid mai ƙarfi ne a ciki, wato maganin kashe kumburi da ƙaiƙayi. Fatar jariri tana tsotse shi, ta yi siriri, fuska ta kumbura, girma ya tsaya, in an daina kuma ciwon ya dawo da ƙarfi. A ɗaya gefen kuma akwai uwar da ta ji tsoron sitiroyid har ta ƙi shafa haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 da likita ya rubuta, yaro yana ta yage fuskarsa. Mai sauƙin nan, in an shafa a wurin ciwon kaɗai na kwanakin da aka ce, ba ya yin waccan ɓarnar, kuma kashe ƙaiƙayin da wuri ya fi barin fata a buɗe.

A kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba, in wurin ya fara tsatsar ruwa da ɓawo ruwan zuma, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a tare suna fashewa suna barin ramuka, ko zazzaɓi ya haɗu da su, ko ya ƙi kama nono. Mai ƙurajen zazzaɓi a leɓe kada ya sumbaci jariri mai ekzima, domin ƙwayar cutar tana bazuwa a fatarsa da sauri.

Ke ma ki lura da jikinki a watannin nan. In fatarki ta bushe tana ƙaiƙayi, basilin da man kaɗanya ba su da matsala, mayukan bilicin kuwa a ajiye su gaba ɗaya. In kuma tafin hannunki da tafin ƙafarki suka fara ƙaiƙayi da dare ba tare da ƙurji ba, musamman daga wata bakwai, wannan ba ekzima ba ce, yana iya zama daga hanta. Ki je a gwada jininki, kada ki jira ranar awo.